Tsohuwar bindigar soja da mahujin maƙeri: abin da ya kamata mahalba da maƙeran Damagaram su sani

Ƙaramar hukumar Dakusa tana cikin gundumar Takeita, a jihar Damagaram, maƙwabciyar Tirmini. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya, kuma kamar sauran ƙasashen Hausa, ba ta rasa mahalba da maƙera ba. Tun kaka da kakanni waɗannan sana'o'i biyu suke tafiya tare, domin maƙeri shi ke ƙera wa mahalbi kibiya da mashi, shi ne kuma ke gyara masa bindigar toka idan kunamarta ta lalace. A yau da wayar hannu ta shiga kowane ƙauye, matasa na ganin hotunan mahalban Turai da Amurka riƙe da tsofaffin bindigogin soja waɗanda aka ɗora wa tabaron hangen nesa. Ba abin mamaki ba ne wani ya ɗauka cewa aiki ne na huji uku ko huɗu, wanda kowane mai mahuji zai gama kafin azahar. Wannan zato kuskure ne, kuma kuskure ne mai iya cin ido, ko hannu, ko rai.

Tarihin bindiga a Damagaram

Damagaram ba baƙuwar bindiga ba ce. Sarki Tanimun ɗan Suleman, wanda ya riƙe sarauta daga 1851 zuwa 1884, shi ne ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara rundunar ƴan bindiga, ya sa aka riƙa haɗa albarushi a cikin garin, har maƙeransa suka zuba igwogi. Fatake na kawo bindigogi daga Tarabulus ta hanyar Sahara, maƙeran gida kuma na gyara su. A zamanin nan sarakunan da ke kewaye sun san ƙarar bindigar Damagaram, Kano ma ta san ta.

Amma bindigogin nan duka na ɗuri ne. Ana zuba albarushi ta baki, a ɗura, a sa harsashi, a harba, sannan a sake ɗuri. Cikin shekarun da Tanimun ke ƙarfafa rundunarsa, Turawa sun riga sun koma wani salo. A 1874 sojan Faransa ya karɓi bindigar Gras, wadda ake sa wa harsashi ta baya, a kulle da sakata irin ta ƙofa. A 1884 wani masani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya gano albarushi marar hayaƙi, wanda ya fi na toka ƙarfi nesa ba kusa ba. Bayan shekara 2 aka fito da bindigar Lebel ta 1886, mai ɗaukar harsashi 8 a cikinta. A 1890 kuma ƙasashen Turai suka sa hannu a kan yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani, ta bar musu na ɗuri.

Sakamakon wannan bambanci ya bayyana a ƙofar gida. A watan Mayu 1898 aka kashe kaftin Cazemajou a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen watan Yuli 1899 sojojin Faransa suka gamu da rundunar sarkin a Tirmini. Dawaki da jaruntaka ba su yi tasiri ba a gaban bindiga mai sakata, Birni ya faɗa hannun Nasara, kuma kafin shekarar ta ƙare aka kashe sarkin. Daga nan Damagaram ta zama babban barikin soja, ta kuma zama hedkwatar mulkin Nijar har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai.

Ta wannan hanya ce bindigogin soja masu sakata suka shigo ƙasar. Bayan Gras da Lebel sai Berthier, wadda aka yi wani samfurinta a 1907 musamman domin sojojin Afirka da ke ƙarƙashin tutar Faransa. Daga baya MAS 36 ta zo, ƙirar masana'antar Saint-Étienne, mai ɗaukar harsashi 5. A kudancin iyaka kuwa, wajen Daura da Katsina da Kano, sojan Ingila na riƙe da Lee-Enfield. Ke nan mafi ƙuruciya a cikin waɗannan ƙire-ƙire ta haura shekara 80, babbarsu kuwa ta kai 150.

Inda ƙarfin bindiga yake

Domin a fahimci haɗarin, sai a san yadda bindiga mai sakata take. Tana da bututu, inda harsashi ke bi ya fita. Tana da sakata, wadda ake turawa gaba a murɗa, ta toshe bayan harsashi. Tana da wani gidan ƙarfe da sakatar ke kai-komo a ciki, wanda kuma aka murɗa gindin bututun a bakinsa. Faransawa na kiransa boîte de culasse. A nan za a kira shi gidan sakata. A jikin sakatar akwai haƙora, a cikin gidan kuma akwai kafaɗu inda haƙoran ke zama idan an kulle.

Idan aka ja kunama, albarushi na ƙonewa cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Iskar da ke fita daga ƙonewar nan tana tura harsashi gaba, tana kuma tura sakata baya da ƙarfi. A irin harsasan soja masu albarushi marar hayaƙi, matsin ya kan kai kilo 3,000 zuwa 4,000 a kan kowane santimita murabba'i, wato nauyin buhun gero mai kilo 100 guda 30 zuwa 40 a kan wurin da bai fi farcen yatsa ba. Tayar ƙaramar mota ba ta wuce kilo 2 ko 3 a kan wannan ma'auni. Abin da ke hana sakatar komawa cikin fuskar mai harbi shi ne haƙoran nan da kafaɗun da suka dogara a kai. Tsakanin wurin da idon mai saiti kuwa, tazarar ba ta wuce taki ɗaya ko biyu ba.

To, wurin da ake son hudawa domin ɗaura ƙafafun tabarau shi ne bisan wannan gida. Masu ƙirar Gras da Lebel da Berthier ba su yi su da nufin ɗaukar tabarau ba. Kowane kaurin ƙarfe da suka bari, sun bar shi ne saboda lissafi. Kuma bindigogin ba su yi kama da juna ba. A Mauser ta Jamus ta 1898, haƙoran kullewa na gaba, daidai ƙarƙashin zoben da masu huji suka fi so. A Lee-Enfield da MAS 36 suna baya, saboda haka dukan tsawon gidan na ɗaukar nauyi. A wasu kuma bayan gidan a tsage yake domin hannun sakata ya wuce, babu wurin zaman tabarau a bisa sam. Wanda ya ga an huda wata a hoto, ya ce zai kwaikwaya a kan wata dabam, ya yi kamar mai shan maganin da likita ya rubuta wa maƙwabcinsa.

Ido ba ma'auni ba ne

Kowane maƙeri ya san shayar da ƙarfe. Idan ya ƙera wuƙa ko gatari, sai ya zuga wuta har ƙarfen ya yi ja, ya tsoma shi cikin ruwa ko mai domin ya yi tauri. Ya san idan taurin ya yi yawa bakin gatari ya kan ɓalle, idan ya yi kaɗan ya kan lanƙwashe. Da ido yake auna launin ƙarfen, kuma ga gatari da hauya da garma, idon gwani ya isa.

Gidan sakata shi ma an shayar da shi, amma da ma'auni. A yawancin tsofaffin Mauser, fatar ƙarfen kaɗai aka taurara, cikinsa aka bar shi da taushi, domin fatar ta jure guga, cikin kuma ya jure duka ba tare da ya fashe ba. Mai mahuji idan ya ɗora bakinsa a kan irin wannan fata sai ya ga ya ƙi ci, yana zamewa. A nan ne dabara ke zuwa masa: ya sa wa wurin wuta domin ya yi laushi. Sai dai zafi ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Idan ya kai ga kafaɗun da haƙora ke zama, sun yi laushi ke nan, kuma kowane harbi zai riƙa tura su baya kaɗan-kaɗan. Daga nan gurbi zai buɗe tsakanin sakata da gindin harsashi, har ranar da kwanson harsashin zai tsage, wuta da ɓarɓashin ƙarfe su fito ta baya. Idan kuwa bayan ƙonawar aka watsa wa wurin ruwa, ƙarfen zai yi tauri irin na kwalba, wanda ba ya lanƙwasa, sai dai ya tarwatse. Mai walda ma da ya ce zai liƙa ƙafar tabarau ba tare da huji ba, ɓarnar da zai yi ita ce dai wannan.

Kada maƙeri ya ɗauka raini ne aka yi wa sana'arsa. Babbar masana'antar gwamnatin Amurka ma ta faɗa wannan rami. A Springfield da Rock Island, inda ake ƙera bindigar sojan Amurka ta 1903, ma'aikata ƙwararru ne ke auna zafin ƙarfe da ido. Sai aka gano cewa launin ƙarfe na ruɗin ido: ran da rana ta haska sosai, ma'aikaci ya kan ƙara wuta fiye da ran da aka yi hadari, domin jan ƙarfen bai fito masa ba. Wasu gidajen sakata suka ƙone daga ciki, alhali daga waje lafiya lau suke. Janar Julian Hatcher, jami'in makamai na sojan Amurka, ya ƙidaya guda 68 da suka fashe tsakanin 1917 da 1929, kuma cikin masu harbin akwai waɗanda suka rasa ido. Sai da aka sa na'urar auna zafi, aka kuma sauya hanyar shayarwa a 1918, sannan matsalar ta kau. Har yau ana gargaɗin kada a harba ƙirar Springfield mai lamba ƙasa da 800,000, ko ta Rock Island mai lamba ƙasa da 285,507. Idan idon ma'aikacin da ya shekara yana wannan aiki kaɗai ya gaza, ina ga wanda zai yi shi karo na farko a gindin bishiya ran kasuwa?

Yadda masu sana'ar ke yi a ƙasashen da doka ta yarda

Bayan yaƙin duniya na biyu, ƙasashe da dama sun zubar da tsofaffin bindigoginsu a kasuwa. A Amurka an sayar da su da araha, har ta gidan waya, kafin dokar 1968 ta hana wannan hanya. Mahalba da yawa suka saya, suka yanke katako, suka sa aka huda domin tabarau. A can ne wannan aiki ya zama sananne, a can ne kuma aka koyi darussansa.

Maƙerin bindiga mai lasisi ba ya fara da huji. Da farko sai ya tantance irin bindigar, da masana'antar da ta yi ta, da shekararta, domin akwai waɗanda ba a taɓa su ko kaɗan. Sai ya duba ko akwai tsaga ko cin tsatsa, ya auna gurbin da ke tsakanin sakata da harsashi da ma'aunin da aka yi domin haka, ya gwada taurin ƙarfen da na'ura. Idan bindigar ta ci wannan jarrabawa, sai ya ɗaure ta a kan inji mai tsayuwa wuri ɗaya, cikin wani maƙalli da ke tabbatar da cewa ramukan sun yi layi ɗaya da bututu. Yana nesanta su daga kafaɗun kullewa, yana kuma tsare zurfinsu domin kada su kai ga gindin bututu inda harsashi ke kwana. Sau da yawa hannun sakata ma sai an sauya shi, domin yana karo da tabarau. Idan ramin ya karkace ko da kaurin gashi ne, tabaron ba zai taɓa yin saiti ba, kuma ƙarfen da aka cire ba ya komawa.

Bayan haka akwai gwaji. A Liège ta Beljiyam an wajabta gwajin bindiga tun 1672, a Saint-Étienne tun 1782, a Birmingham ta Ingila tun 1813. A 1914 ƙasashen da ke da irin waɗannan gidajen gwaji suka kafa hukumar haɗin gwiwa da ake kira CIP. A ƙa'idarta, ana harba bindiga mai tsagaggen bututu da harsashin da ya fi na kullum matsi da kashi 25 cikin 100, a cikin ɗaki rufaffe, ba mutum a kusa. Idan ta fita lafiya a buga mata hatimi. Idan daga baya aka yi wa sashen da ke ɗaukar matsi babban gyara, sai ta koma gwaji. A ƙauye kuwa, gidan gwajin shi ne kafaɗar mai bindiga da fuskarsa.

Su kansu rundunonin soja ba su ɗauki aikin da wasa ba. Lokacin da Ingila ta buƙaci bindigogi masu tabarau a yaƙin duniya na biyu, sai aka riƙa zaɓo waɗanda suka fi saiti cikin Lee-Enfield mai lamba 4, daga 1942 aka miƙa su ga kamfanin Holland & Holland na Landan, wanda ya gyara fiye da 20,000, kowace da nata tabaron. Faransa ma da ta so irin wannan bindiga, sai ta ɗauki tsarin MAS 36 ta sake ƙera shi da ƙarin ƙarfi, aka samu FR F1 a 1966. A yau masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka sun fi daraja bindigar da ba a taɓa ba, kuma wadda aka huda kuɗinta ya kan faɗi ƙwarai. Jikokin waɗanda suka huda su ne ke cizon yatsa.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Duk wannan bayani na ƙasashen waje ne. A Nijar magana ta farko ita ce ta doka. Ba a riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma ma'aikatar cikin gida ce ke ba da shi. Bindigar yaƙi ta jami'an tsaro ce, tsufanta bai fitar da ita daga wannan aji ba. Dokar farauta mai lamba 98-07 ta ran 29 ga Afrilu 1998 ta hana farauta da makaman yaƙi da harsasansu, kamar yadda ta hana farautar dare da farauta a cikin mota. Saboda haka mahalbin da ya ɗauki MAS 36 zuwa daji ya taka doka, ko da tabarau ko babu. Maƙerin da ya gyara masa kuwa ya sa kansa cikin sha'anin da zai kai shi gaban jandarma da alƙali.

Dalilin dokar a fili yake. Ƙasar nan ta ga abin da makami a hannun kowa ke jawowa. A 1994 gwamnati ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, wato CNCCAI, kuma ran 25 ga Satumba 2000 aka ƙona bindigogi fiye da 1,000 a Agadas a bukin wutar zaman lafiya. Bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011 makamai suka sake malalowa cikin Sahel, mutanen kan iyaka kuma sun san abin da ya biyo baya na fashi da satar shanu. A irin wannan hali, bindiga mai tabarau a ƙauye ba za a kalle ta da idon farauta ba, komai tsarkin zuciyar mai ita.

Akwai kuma maganar daji. Dattawan Damagaram na ba da labarin barewa da jimina da tuje a wuraren da yau gonaki ne fetal. Abin da ya rage na manyan namun daji ya ja can gabas da arewa, wajen Termit da Tin Tumma, inda gwamnati ta keɓe gandun daji a 2012 domin ceton dabbobi irin su addax, wadda saura ƙiris ta ƙare a duniya. Mahalbin gargajiya sai ya san iska, ya yi sanɗa, ya matso kusa kafin ya harba, dabba kuma na da damar tsira. Wannan nisa shi ne ya bar wa na baya abin gani.

Kira ga jama'a

Wanda ya gaji tsohuwar bindiga daga kakan da ya yi soja, kada ya gwada harba ta domin ya ga ko tana aiki, kada kuma ya kai ta maƙera. Tsohon harsashi ma haɗari ne, domin albarushi na lalacewa da zafi da tsawon zamani. Hanya mafi aminci ita ce ya sanar da mai gari ko hakimi, su raka shi wurin jandarma ko wakilan hukumar tattara makamai. Idan kayan tarihi ne, ya dace hukuma ta duba yadda za a kashe bakinta a ajiye ta a gidan tarihi na Damagaram ko na Bubu Hama da ke Yamai, da sunan mai ita a jiki, domin yara su ga irin makamin da aka yi yaƙin Tirmini da shi.

Sarakunan maƙera da shugabannin mahalba su ke da bakin da ake ji a cikin sana'o'insu. Ya kamata su tara mutanensu su bayyana musu cewa ƙin karɓar wannan aiki ba gazawa ba ce. Malaman yaƙi da jahilci su karanta wa ɗalibansu wannan bayani, jami'an gandun daji kuma su riƙa yin sa a ranakun kasuwa, tun kafin a kai ga kamu. Maƙeran Damagaram jikokin waɗanda suka zuba wa Tanimun igwa ne, kuma ƙasa na buƙatar hannunsu a kan garmar shanu, da amalanke, da gyaran famfon rijiya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, asibiti kuwa ba ta mayar da idon da ƙarfe ya tsiyaye.